Koyi da Halitta Wajen Ƙera Kayan Ɗaki da Tsara Gine-ginen Jama'a a Wannan Zamani

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wani salo da ya samu karɓuwa a tsakanin masu tsara fasalin kaya da masana zanen gine-gine na duniya, wato salon koyi da halitta. Abin nufi shi ne mai sana'a ya tsaya ya lura da itatuwa da tsuntsaye da ƙwari da sauran halittun Ubangiji, ya gano yadda aka tsara su, sannan ya yi amfani da abin da ya gano wajen ƙera kujera ko tufafi ko jirgi, ko gina kasuwa da makaranta. Tun da wata masaniya 'yar Amurka mai suna Janine Benyus ta wallafa littafi a kan wannan batu a shekarar 1997, sai fannin ya bazu a jami'o'i da kamfanoni. Maƙalar za ta kawo misalai daga ƙasashen da aka yi waɗannan ayyuka, sannan ta duba abin da ya shafe mu, domin mu ma muna kashe dukiyar jama'a wajen yin gine-ginen da ba sa zaunuwa sai da wutar lantarki, alhali wutar ba ta wadace mu ba.

2.0 Kwaikwayon Siffa da Kwaikwayon Hikima

Ya kamata tun farko a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan haɗa su. Na farko shi ne kwaikwayon siffa, wato a yi abu ya yi kama da fure ko ƙwai ko reshe don ya ƙayatar da ido. Na biyu shi ne kwaikwayon hikima, wato a gano dalilin da ya sa halittar take aiki yadda take yi, a ɗauko wannan dalili, ko da abin da aka ƙera bai yi kama da ita ba ko kaɗan. Idan magini ya kwaɓa siminti ya yi siffar bishiya a tsakiyar shataletale, siffa ya kwaikwaya, domin bishiyar tasa ba ta sanyaya iska. Idan kuwa ya yi rumfar da iska mai zafi ke ficewa ta samanta kamar yadda take ratsa ganyaye, to ya ɗauko hikimar bishiya. Duka biyun suna da gurbinsu, amma na biyu ne ke rage tsada da wahala.

3.0 Kujeru da Kayan Amfanin Yau da Kullum

A fannin kujeru, Turawan arewacin Turai sun daɗe da kwaikwayon siffa. A shekarar 1958 Arne Jacobsen, mutumin ƙasar Denmak, ya tsara wata kujera mai kama da ɓawon ƙwai domin wani otal a birnin Kwafanhagan, har yau kuma ana ƙera ta ana sayarwa. A tsakiyar shekarun 1950 ɗin ne kuma Eero Saarinen ya fito da kujera mai ƙafa ɗaya tal, wadda ta tashi kamar kan fure a bisa karansa, don ya kawar da cunkoson ƙafafu a ƙarƙashin tebur.

Wanda ya wuce siffa ya kai ga hikima shi ne Joris Laarman na ƙasar Holan, da kujerarsa ta 2006 da ake kira kujerar ƙashi. Masana sun gano cewa ƙashin jiki yana ƙara kauri a inda nauyi ya fi sauka, yana kuma ragewa a inda babu nauyi. An mayar da wannan ƙa'ida ta zama manhajar kwamfuta, wadda masu ƙera motoci a Jamus suka yi amfani da ita don rage nauyin sassan mota. Laarman ya ba manhajar nauyin mai zama da inda kujerar za ta taɓa ƙasa, ita kuma ta cire ƙarfe daga duk inda ba a buƙatarsa. Abin da ya fito kujera ce ta alminiyam mai rassa kamar haƙarƙari, marar nauyi amma mai ƙarfi. Darasin da kafinta da mai walda za su ɗauka a nan shi ne, ƙarfin kaya ba ya ga yawan katako ko ƙarfe, yana ga sanin inda nauyi ke bi.

Akwai kuma maɗaurin nan mai ƙara idan an ɓare shi, wanda ake gani a takalman yara da jakunkuna, wato Velcro. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, shi ne a 1941 ya lura da wata ƙaya da ta manne wa tufafinsa da gashin karensa. Da ya duba ta a madubin ƙara girma sai ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne ke kama zare. Ya yi shekaru yana gwaji kafin ya samu takardar mallakar fasahar a cikin shekarun 1950. Duk wanda ya taɓa ratsa gona da kaka ya fito da ƙarangiya a bakin wando ya san wannan hikima, sai dai mu tsincewa muke yi mu yar.

Haka nan wani masanin tsirrai na jami'ar Bon a Jamus, Wilhelm Barthlott, ya bayyana dalilin da ya sa ruwa ba ya zama a kan ganyen wani tsiro mai kama da bado. Fuskar ganyen cike take da ƙananan ƙuraje masu kakin da ido ba ya gani, don haka ɗigon ruwa ke mirginawa ya tafi da ƙura. Daga nan aka yi fentin bango wanda ruwan sama ke wanke shi. Mai son ya ga wannan da idonsa, sai ya zuba ruwa a kan ganyen gwaza.

A ƙasar Japan kuwa, jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya riƙa yin ƙara kamar tsawa duk lokacin da ya ratsa ramin da aka huda a cikin dutse, saboda iskar da yake turawa a gabansa. Injiniya Eiji Nakatsu, wanda ma'abocin kallon tsuntsaye ne, ya lura da wani tsuntsu mai kamun kifi da ke faɗawa ruwa ba tare da ya fantsama shi sosai ba, saboda dogon bakinsa mai tsini. Aka tsawaita hancin jirgin bisa wannan fasali. Samfurin da ya fara aiki a 1997 ya riƙa gudun kilomita 300 a awa a wancan lokaci, ƙarar kuma ta ragu.

4.0 Gine-ginen Jama'a

Misalin da ya fi shahara a Afirka shi ne ginin Eastgate a birnin Harare na Zimbabuwe, wanda Mick Pearce ya tsara, aka buɗe a 1996. Gini ne na ofisoshi da shaguna, an kuma yi shi ba tare da babbar na'urar sanyaya ɗakuna irin ta sauran manyan gine-gine ba. Pearce ya ɗauko tunaninsa ne daga surin gara. Da dare fankoki na jawo iska mai sanyi ta bi ta cikin kogunan da aka bari a cikin daɓen kankare, kankaren ya sha sanyi ya riƙe. Da rana wannan sanyi ne ke fitowa ofisoshi, iskar da ta ɗumama kuma ta tashi ta fice ta bututun da ke jere a kan rufi. Daga baya binciken masana ya nuna cewa suri ya fi kama da huhu, wato aikinsa musayar iska ne ga garar da ke ƙarƙashin ƙasa fiye da sanyaya wuri. Wannan bai hana ginin aiki ba, amma ya nuna cewa sai an yi nazari mai zurfi kafin a ce an fahimci halitta. Wajibi ne kuma a lura cewa Harare tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,500, darenta akwai sanyi. Wanda ya ɗauko wannan tsari ya dasa shi yadda yake a Kano ko Sakkwato, zai gamu da daren bazara wanda shi kansa zafi ne da shi.

A ƙasar Singafo, a lambun da aka buɗe a 2012, an kafa manyan itatuwan ƙarfe da kankare guda 18, masu tsawo daga mita 25 zuwa 50. An lulluɓe jikinsu da tsirrai masu rai, wasunsu na ɗauke da faranti masu tara hasken rana, wasu kuma ta cikinsu ake fitar da iska mai zafi. Aiki ne mai tsadar gaske, ba kowace ƙasa ke iya irinsa ba.

Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne Francis Kéré, haifaffen ƙauyen Gando a Burkina Faso, wanda a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini. Makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu a 2001 ta bulon ƙasa ce, an ɗaga rufin kwanonta sama da silin don iska ta riƙa ratsawa. A 2017 ya yi wata rumfa a Landan bisa fasalin bishiyar da mutanen ƙauyensu ke taruwa a gindinta, rufinta na tattara ruwan sama ya zubo ta tsakiya. A 2021 kuma ya kammala wata cibiyar koyon kwamfuta a yankin Turkana na Kenya, mai dogayen hasumiyoyin fitar da zafi irin na suri.

A cikin ƙasar Hausa ma an yi. A garin Dandaji na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou, wadda ta kafa ofishinta a Yamai a 2014 da sunan Masomi, ta tsara kasuwar da aka gama a 2018. An kewaye tsohuwar bishiyar da kasuwar ke ci a gindinta da rumfunan bulon ƙasa. Da yake ƙasar ba ta saurin raya itatuwa, sai aka kafa faifan ƙarfe masu launi iri-iri a kan sanduna, wani sama da wani kamar ganyaye, suna ba da inuwa, zafi kuma na ficewa ta tsakaninsu. A wannan gari ne kuma ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi.

5.0 Abin da Magabata Suka Riga Suka Sani

Idan aka duba sana'o'inmu na gargajiya za a ga koyi da halitta ba baƙo ba ne. Wurin taron jama'a na farko a garuruwanmu gindin itace ne, shi ya sa sunaye irin su Kasuwar Rimi da Durumin Iya a Kano da Unguwar Rimi a Kaduna suka wanzu. Maginan Hausa sun kira gantsararren ginshiƙin da ke ɗauke da rufin soro bakan gizo, suka kira tsinin da ke kusurwar soro zanko. Da bakan gizo ne Babban Gwani Mika'ilu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Sun zaɓi azarar giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi, sun yi makuba da kwasfar ɗorawa don kare bango daga ruwa. Katangar tubali mai kauri kuwa tana shan zafin rana a hankali, ta sake shi da dare, wanda shi ne aikin da kankaren Eastgate ke yi. Falke Barmu, maginin masallacin Yama a Nijar, da irin wannan ilimi ya samu lambar Aga Khan a 1986.

A ɓangaren kayan gida, duma ya ba mu ƙwarya da ludayi da gora, har ga shi yau robar ruwa ma gora muke ce mata. Randa na sanyaya ruwa ne kamar yadda gumi ke sanyaya jiki: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. A kan wannan ƙa'ida ce Malam Muhammad Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, abin da ya ba shi lambar Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi ci da rani, lokacin da iska ke bushe.

6.0 Abin da Ya Rage Gare Mu

Duk da wannan gado, abin da ake yawan gani a biranenmu shi ne a sare itatuwa a gina bene mai fuskar gilashi yana kallon yamma, a wurin da zafin bazara ke kai maki 40. Da zarar an ɗauke wuta sai ma'aikata su fito waje neman inuwar darbejiya. Ajin makaranta mai ƙanƙanen taga da kwano marar sili yana hana yara karatu bayan hantsi. Rumfar jiran mota ta kwano zalla kuwa, mutane sun gwammace su tsaya a gefenta. Kuɗin man janareta da na gyaran na'urori duk daga baitulmalin jama'a suke fitowa.

Saboda haka ana ba da shawarar cewa hukumomin da ke ba da kwangilar kasuwanni da tashoshi da makarantu su riƙa tambayar mai zane yadda ginin zai kasance idan babu wuta. A daina sare manyan itatuwa a filin gini matuƙar ana iya kewaye su. Kwalejojin fasaha su haɗa ɗalibansu da tsofaffin magina da maƙera da masassaƙa tun suna raye, hukumomin tarihi da al'adu kuma su rubuta ma'aunai da sunayen dabarunsu, su ɗauki hotuna. Kafintocinmu su ma su rage dogaro da hotunan kujerun ƙasashen sanyi masu tulin soso da yadi mai riƙe zafi, su gwada saƙar kaba da gora da fata waɗanda iska ke ratsawa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa masu fasahar wannan zamani, daga Japan zuwa Dandaji, sun samu mafita ga matsalolin ƙara da nauyi da zafi ta hanyar lura da halitta, kuma mafi amfanin ayyukansu su ne waɗanda suka ɗauko hikima, suka daidaita ta da yanayin wurinsu. Alƙur'ani mai girma ya ja hankalinmu ga tunani a kan halitta, har akwai surori masu sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Suri da giginya da randa suna nan a ƙofar gidajenmu, saura matasan da za su auna su, su rubuta, su mayar da su aiki. Allah Ya sa mu dace.