Makashin Da Ba Ya Wari

A arewa maso gabashin Amurka, musamman jihar Maine, gidaje da yawa suna ƙona mai irin na dizal domin ɗumama ɗakuna lokacin sanyi. Cikin injin akwai akwatin ƙarfe: wuta da hayaƙi suna ciki, iskar da fanka ke turawa ɗakuna kuwa tana bi ta bayansa ta ɗauki zafi. Yau zafi gobe sanyi, ga tsatsa, a kwana a tashi ƙarfen yakan tsage, hayaƙi ya sami hanyar shiga iskar da iyali ke shaƙa.

Abin tsoro a hayaƙin shi ne kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau 200. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya sukan sa a zaci mura ce. Mai barci kuwa ba lalle ya farka ba.

Kunkunniya a bakin bututun iska da warin mai cikin ɗaki gargaɗi ne. A kashe injin, a fita waje, a kira gwani.

'Yan'uwa masu 'ya'ya a can, ku tuna masu: a duba injin kowace shekara, a kafa ƙararrawar gano wannan iska. Mu ma a nan, ita ce janareta da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki.