Ina Control Panel Ya Shiga? Bayani Domin Masu Riƙe da Kwamfutar Ikkilisiya



Wannan bayani domin sakatarorin ikkilisiya ne, da ma'aji, da masu bishara, da shugabannin zumuntar mata waɗanda aka danƙa wa laftof domin aiki. A cikin waɗannan kwamfutoci ne ake ajiye sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, da lissafin baiko, da jerin gwauraye da marayu masu karɓar hatsi, da sunayen manoman da suka ɗauki bashin taki. Kukan da muke yawan ji shi ne, an kai kwamfuta gari an sa mata intanet, ta yi sabuntawa da kanta, da aka dawo gida sai aka nemi wurin gyara firinta ko agogo aka rasa. Wani ya ce yara ne suka taɓa, wani ya ce ta lalace. Ba ta lalace ba. Wurin yana nan, ƙofarsa ce aka sauya.

Yawancin kwamfutocinmu suna aiki da Windows ne, na kamfanin Microsoft. Wanda ya koyi kwamfuta a zamanin Windows XP ko Windows 7 ya saba da wuri ɗaya mai suna Control Panel, inda ake daidaita kome. A shekarar 2012, da Windows 8 ya fito, sai kamfanin ya buɗe wuri na biyu, wanda a Windows 10 na shekarar 2015 ake kira Settings. Tun daga nan suke kwashe kaya kaɗan kaɗan daga tsohon wurin zuwa sabon, kamar mai ƙaura zuwa sabon gida amma bai rushe tsohon ba. A sabuntawar 2017 suka cire sunan Control Panel daga jerin da ke fitowa idan an danna Start da gefen dama na linzami, suka sa Settings a gurbinsa. A 2021 kuma Windows 11 ya zo, ya ɗauke Start daga kusurwar hagu ya kai shi tsakiya. Don haka mai nema da ido a inda ya saba gani zai sha wahala. Gara a nema da yatsa, gama maɓallan ba su sauya ba.

Ku dubi layin ƙasa na maɓallan rubutu, ta hannun hagu, kusa da Alt. Akwai maɓalli mai hoton taga. Ku riƙe shi, ku danna harafin I. Nan take Settings zai buɗe, ko Windows 10 ne ko 11. Idan kuma tsohon Control Panel kuke so, ku danna maɓallin tagar sau ɗaya ku sake shi, ku rubuta control. Ba sai kun nemi inda za ku rubuta ba, ku dai fara rubutu, sunan zai fito, sai ku danna Enter. Akwai hanya ta uku idan wannan ta ƙi: ku riƙe maɓallin taga da harafin R, ƙaramin akwati zai fito, ku rubuta control a ciki ku danna Enter.

Da ya buɗe, wataƙila ba za ku gane shi ba, domin yakan tattara abubuwa rukuni rukuni. A sama ta hannun dama akwai View by. Ku zaɓi Large icons, kowane abu zai fito da sunansa. Kafin ku rufe, ku dubi hotonsa a layin ƙasan allo, ku danna shi da gefen dama, ku zaɓi Pin to taskbar. Daga ranar yana nan a gabanku. Kada ku yi mamaki idan kun danna wani abu a Control Panel ya jefa ku cikin Settings. Alama ce wannan kayan ya riga ya ƙaura.

A ganinmu ya fi kyau kowa ya saba da Settings, domin can ne abubuwa suke komawa. Yana da akwatin nema a samansa, kuma ya fi sauri a rubuta printer ko date a ciki da a bi layi ɗaya bayan ɗaya. Firinta tana ƙarƙashin Devices a Windows 10, a Windows 11 kuma Bluetooth & devices. Agogo da kwanan wata suna Time & language. Ku lura da wannan sosai, domin idan kwanan watan kwamfuta ba daidai ba ne, shafukan intanet da yawa ba za su buɗe ba, sai mutum ya yi ta zargin sabis a banza. Lokacin Najeriya da Nijar shi ne West Central Africa. A wurin nan ne kuma ake ƙara Hausa cikin harsunan rubutu domin samun ƙ da ɗ da ɓ, kuma maɓallin taga tare da dogon maɓallin tazara shi ne ke juyawa tsakanin Hausa da Turanci. Masu haska waƙoƙi da majigi a sujada ba su ma bukatar shiga ko'ina, maɓallin taga da harafin P ya isa. Wanda kuma Start na tsakiya ya dame shi, ya shiga Personalization, sai Taskbar, sai Taskbar behaviors, ya mai da shi hagu.

Sai maganar data da wuta, gama mun san kuɗin baiko ne ake saye da shi. Sabuntawa tana cin data da yawa, kuma ba ta neman izini. Idan da wayar hannu kuke ba kwamfuta intanet, ku shiga Network & internet, ku buɗe sunan wayar a ƙarƙashin Wi-Fi, ku kunna Metered connection. Wannan yana gaya wa Windows cewa datar a ƙidaye take, sai ya rage saukar da manyan kaya. A Windows Update kuma ana iya dakatar da sabuntawa har mako 5. Ba mu ce a hana ta gaba ɗaya ba, domin ita ce ke toshe kafofin da ɓarayin intanet suke bi. A dai zaɓi ranar da akwai wuta ko janareta, ba daren Asabar ba lokacin da ake shirin buga tsarin sujada. In ta fara, kada a kashe kwamfutar, kada kuma a bar batir ya mutu. Yankewa a tsakiya ita ce ke kawo lalacewa ta gaske.

Idan bayan babbar sabuntawa wani abu ya daina aiki ƙwarai, akwai damar komawa baya cikin kwana 10. A Windows 11 ku rubuta recovery a akwatin nema na Settings, za ku ga Go back. Bayan kwanakin sun wuce, damar takan rufe.

Ga gargaɗin da ya sa muka rubuta wannan shafi. Wasu masu gyara a gari, da zarar an ce musu abu ya ɓace, sai su ce a yi fomatin. Fomatin yana share abin da ke cikin kwamfuta. Rasa Control Panel ba dalilin yin fomatin ba ne, ko kaɗan. Kada sakatare ya yarda da shi sai da sanin fasto da dattawa, kuma sai an kwafe takardun ikkilisiya a filas an buɗe su a wata kwamfuta an ga suna nan. Ya kamata a riƙa yin wannan kwafi kowane ƙarshen wata, a ajiye filas ɗin a wurin ma'aji, ba cikin jakar kwamfutar ba.

Ikkilisiyoyin da ke da Windows 10 su sani cewa Microsoft ya daina ba shi tallafin da aka saba tun 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma sai an ƙara kula da filas na baƙi da abin da ake saukarwa daga intanet. Domin sanin wanda kuke da shi, ku riƙe maɓallin taga da R, ku rubuta winver, ku danna Enter. Ku rubuta abin da ya nuna a bangon littafin sakatare, ku zo da shi idan za ku kawo rahoto ofis.