Ɗori ya kama, amma hunturu na nan

Duk wanda ya taɓa karyewa ya san yadda abin ke tafiya. Ranar farko gida cike yake: maɗori ya ja ƙafa, ya jera kara, ya ɗaure tamau, maƙwabta na ta shigowa da kunu da "sannu da jiki". Bayan makonni a kwance ɗori, mutum ya dogara sanda, can gaba ya jefar da ita ya koma kasuwa. Kowa ya ce ya warke. Shi kaɗai ya san idan hunturu ya kama, ko hadari ya haɗu, ƙashin nan zai tashe shi da tsami tun kafin kiran assalatu.

Rashi ma haka ne. Kwana uku ana zaman makoki, ana ta "ya ƙarin haƙuri?", sannan a naɗe tabarmi. Wasu gidajen su yi sadakar bakwai da ta arba'in. Matar mamaci ta cika takabarta, wata 4 da kwana 10, ta fito. A lissafin jama'a magana ta ƙare.

Sai dai hunturun mai rashi ba ya bin kalanda. Wata uwar sai bayan shekara goma abin zai dawo mata sabo fil, ranar da aka ɗaura auren sa'an ɗanta. Wata kuma ta zo auna shinkafa, ta ga hannunta ya zuba har da rabon wanda ba ya nan. Akwai magidancin da har gobe bai iya goge lambar mahaifinsa daga waya ba, kuma safiyar Sallah, in an sauko daga Idi, sai ya rasa gidan da zai fara nufa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa, "Haba Yaya, har yanzu? Ki yi tawakkali mana." Kamar ka ce wa mai tsohuwar karaya ɗorinsa bai kama ba, alhali a kan ƙafar ya tako ya zo wurinka. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija, idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta nama, har Nana A'isha ta riƙa kishin matar da ba ta zauna da ita ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, kuma ba wanda ya ce imaninta ya yi rauni.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu taka ƙafa tun ɗori bai kama ba. Namiji, da yake an ce ba ya kuka, rana ta huɗu ya buɗe shago, sai abin ya ɓullo ta wata kafa: rashin barci, faɗa da iyali a kan gishirin miya. Ga kuma uwar da ta rasa ɗan fari. Yana raye kunya ta hana ta kiran sunansa, ya rasu kunyar ta hana ta kuka a gaban surukai, sai masu ta'aziyya su tashi suna yabon dauriyarta.