Zaɓen Soson da Ya Dace da Akwatin Kayan Aikin Bakanike

Garin Dodoru da ke ƙaramar hukumar Gwandu a Jihar Kebbi ya yi suna da kasuwar hatsi, amma hatsin da ke cika kasuwar ba ya isowa sai da taimakon injuna, tun daga injin ban-ruwa mai bakin inci 2 ko inci 3 da ake kafawa a fadamun Gwandu da Kalgo lokacin noman rani, har zuwa injin casa da na niƙa da baburan da ke jigilar buhuna. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 waɗannan injuna suka yawaita a jihar, aikin masu gyaransu kuma ya ƙaru. Jarin irin wannan bakanike bai wuce abin da ke cikin akwatinsa ba, wato sifanu da bokis da filaya da sukudireba da sifanar fulogi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 sayen madadin wanda ya ɓace ya zama abin da ke ci wa mai gareji tuwo a ƙwarya. Sau da yawa kayan da ke salwanta ba sace su ake yi ba, mantawa da su ake yi a cikin yashi ko a bakin rijiyar fadama, ba a kuma farga sai ranar da aka sake buƙatarsu.

Soson akwati shimfiɗa ce mai kauri da ake yankawa daidai da cikin akwati ko durowa, sannan a sassaƙa wa kowane ƙarfe gurbi mai siffarsa, ta yadda sifana mai lamba 12 ba za ta zauna a gurbin mai lamba 10 ba. Yana hana kaya gogar juna a kan hanya, amma babban amfaninsa shi ne kallo ɗaya ya isa a gane abin da babu, domin gurbin da ba kowa a ciki yana tona asirin kansa. Masu gyaran jiragen sama ne suka fi kowa tsananta wannan tsari, saboda a wurinsu ƙarfe ɗaya da aka bari a inda bai kamata ba yana iya cin rayuka. Jirgin Concorde na kamfanin Air France da ya faɗi kusa da Faris, babban birnin Faransa, ranar 25 ga Yuli 2000, inda mutum 113 suka rasu, tayarsa ce ta taka wani siririn ƙarfe da ya faɗo daga jikin wani jirgin a kan titin tashi. Wannan ƙarfe ba kayan aikin bakanike ba ne, sai dai ya nuna dalilin da ya sa a wannan sana'a ba a sallamar jirgi sai an ƙirga kayan gyara an ga sun cika. Masana'antun motoci na Japan, musamman Toyota, sun yaɗa irin wannan tarbiyya ta ba kowane abu mazauninsa zuwa sauran ma'aikatu na duniya.

Duk wani soso irin wannan roba ce da aka hura wa iska lokacin sarrafa ta, ta cika da ƙananan ramuka, kuma yanayin waɗannan ramuka ne ya raba soso gida biyu. A kashi na farko ramukan a buɗe suke, suna haɗe da juna kamar ɗakunan gidan da babu ƙofa a tsakaninsu, don haka ruwa ko mai da ya shiga ɗaya zai ratsa sauran. A kashi na biyu kowane rami a toshe yake da iskarsa a ciki, ruwa ba ya samun hanya, soson kuma ya fi tauri. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya riga ya yi rabin zaɓen.

Soson da ya fi kusa da hannun mutumin Dodoru shi ne na katifa da kujerun kushin, wanda kamfanoni irin su Vitafoam, da aka kafa a 1962, da Mouka suke yi, ana kuma samun guntayensa a wurin kafintoci kusan kyauta. Masana suna kiran sinadarinsa foliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937. Arharsa da laushinsa ne ke jan mutane, amma a akwatin bakanike shi ne mafi munin zaɓi, kuma dalilan sun cancanci a tsaya a kansu. Ramukansa a buɗe suke, saboda haka yana shan baƙin mai da giris da gumin hannu, idan kuma ƙurar hunturu ta sauka a kan wannan maiƙo sai ta zama laka mai daɗewa wadda wanki ba ya fitarwa. Da damina, ko a aikin fadama inda hannu ba ya rabuwa da ruwa, yana riƙe laima a jikin ƙarfe dare da rana, abin da ke haifar da tsatsa a daidai wurin da aka ajiye kayan don a kare su. Laushin nasa ma aibi ne a nan, domin gurbin da aka yanka ba ya riƙe siffarsa, bakinsa yana yagewa da yawan zarowa da mayarwa, guduma ko babbar sifana kuma tana danne shi har ƙasa. Rana tana mayar da shi rawaya, shekaru suna mayar da shi gari, kuma wannan garin yana da haɗari idan ya bi sukudireba ya shiga kafireto. Inda yake da amfani na gaske shi ne cikin murfin akwati, don ya danne kaya kada su yi tsalle, da kuma kewaye da na'urori marasa nauyi da ba sa haɗuwa da mai, kamar mitar auna wuta da masu haɗa sola da masu gyaran waya suke riƙewa.

Akwai kuma farin soso mai ƙwaya-ƙwaya da ke zuwa cikin kwalin firiji ko talabijin, mai kuka idan an murza shi, mai karyewa idan an lanƙwasa shi, wanda ake kira folistirin. Ba shi da wuri a gareji ko kaɗan, tun da ɗigon fetur yana narkar da shi nan take, har wasu kan narka shi da gangan su sami gam na toshe yoyon kwanon rufi.

Sau da yawa ana rikita wannan da wani farin soson da shi ma ke zuwa cikin kwalaye, musamman na inbata da batiran sola da kwamfuta, alhali sun bambanta ƙwarai. Wannan na biyun, wato foliyetilin, danginsu ɗaya da ledar da ake zuba kaya da jarkar mai, yana da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, ramukansa kuma a toshe suke. Ba ya shan ruwa, baƙin mai ba ya cinye shi, ana goge shi da tsumma ya koma yadda yake. Iri biyu ne a kasuwa. Na kwali yana da manyan ramuka da ake gani da ido, bakin yankansa ba ya fita tsaf, kuma yana lotsawa a hankali ƙarƙashin ƙarfe mai nauyi, amma samuwarsa a kyauta a shagunan masu sayar da kayan sola na Birnin Kebbi da Jega ta sa ya dace da mai son gwada tsarin kafin ya kashe kuɗi. Ɗayan kuwa an ɗaure zaruruwan sinadarinsa da juna lokacin sarrafawa, abin da ya sa ramukansa suka zama ƙanana sosai, fuskarsa ta yi sumul, yankansa ya fita kamar an zana, ya kuma fi jure zafi. Shi ne wanda ma'aikatun jirage da manyan masana'antu suke amfani da shi, galibi mai nauyin kilo 30 zuwa 45 a kowane ƙunshi mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, kuma wannan nauyi shi ne ma'aunin da ake gane ƙarfin soso da shi. Matsalarsa a Kebbi ita ce samuwa, domin daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma yana bin dala.

Tsakanin wanda ke da arha ba inganci da wanda ke da inganci ba samuwa, akwai wani soso da kowane gida ya sani ko da ba a san sunansa ba, wato robar da ake yin silifa da tafin takalmi da ita, wadda ake kira EVA. Ramukansa a toshe suke, ya fi foliyetilin nauyi da tauri, yana dawowa daidai bayan an danna shi, bakin gurbinsa kuma yana jure zare ƙarfe da mayarwa na shekaru. Masu sayar da kayan ɗinkin takalma a Kano da Sakkwato suna sayar da shi falle-falle cikin launuka daban-daban, ana kuma samunsa a siffar tabarmar wasan yara mai haƙora da ake sarƙawa. Fallayen ba su cika kauri ba, don haka sai an haɗa biyu ko uku, amma yana karɓar gam irin na masu takalma, kamar Evo-Stik, fiye da foliyetilin wanda santsinsa kan sa gam ya ɓare. Rauninsa shi ne fetur, wanda ke kumbura shi idan ya daɗe a jikinsa, da kuma zafi mai tsanani da ke sa shi ɗan tsukewa, abin lura a yankin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 kuma akwatin ƙarfe da aka bari a rana ya fi haka nesa. Ga bakaniken da ke ɗaure akwatinsa a bayan babur yana bin injunan ban-ruwa gona-gona, wannan soso ne ya fi dacewa idan aka auna kuɗi da samuwa da daɗewa gaba ɗaya.

Kamfanonin waje suna sayar da soso da aka riga aka shirya don sauƙaƙa yanka. Wani an tsattsaga shi zuwa ƙananan murabba'ai da ake cirewa da yatsa, yawanci na foliyuretan ne, gurbinsa ba ya bin siffar ƙarfe sosai, kuma murabba'an da suka rage sukan ci gaba da ɓallewa. Wani kuma, kamar Kaizen Foam na kamfanin FastCap da ke Amurka, siraran fallaye ne da aka manne da juna, ana yanka siffa a ɓare falle bayan falle har a kai zurfin da ake so. Mafi amfani a cikinsu shi ne mai launi biyu, baƙi a sama da ja ko rawaya a ƙasa, wanda ke sa gurbin da ba kowa ya yi haske ko da magariba ta yi. Wannan dabara ba ta buƙatar odar komai daga waje, domin falle baƙi da falle ja na robar silifa suna ba da sakamako iri ɗaya.

Tun da mai sayarwa ba lalle ne ya san sunan sinadarin da ke hannunsa ba, gwaji a kan ɗan guntu ya fi tambaya. Ɗigon ruwa da ya tsaya a sama yana nuna rufaffen soso, wanda ya nutse kuwa yana nuna buɗaɗɗe. Danna babban yatsa da ƙarfi yana nuna ko soson zai dawo ko zai lotsa, ɗigon fetur da na baƙin mai da aka bari su kwana suna nuna abin da zai faru a gareji, guntun da aka ajiye yini guda a kan kwano a rana kuma yana nuna ko zai tsuke.

Wajen yanka, ana fara jera kayan a kan fallen sama bisa yadda hannu ke neman su, sifanu daga ƙarama zuwa babba, waɗanda aka fi ɗauka kuma a gaba, a bar kimanin santimita 1 tsakanin gurbi da gurbi don kada katangar ta yage. Ana zana siffar kowanne da alli ko biro, a yanka da sabuwar reza mai tsawo a tsaye, ɗan cikin layin kaɗan domin gurbin ya kama ƙarfen, sannan a ƙara wani ɗan rami a gefe inda yatsa zai shiga ya ɗago shi. Sai an gama yankan fallen sama gaba ɗaya ake manna shi a kan na ƙasa mai launi. Kauri na santimita 3 ya ishi sifanu da filaya, injin huda da makamantansa kuwa suna buƙatar 5 ko fiye. Bai kamata a yi amfani da wuƙar da aka gasa a wuta ba, musamman a kan soson katifa, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da guba, ciki har da sayanaid, kuma duk waɗannan nau'o'i suna kamawa da wuta, abin da ya wajabta rufe akwati a duk inda ake walda. Rufaffen soso ma ba ya hana tsatsa idan aka mayar da ƙarfe a jiƙe, domin ruwan yana kwanciya a gindin gurbin, don haka goge kaya da tsumma mai ɗan mai kafin a mayar da su yana cikin tsarin.

Ba kowane mai sana'a ne ke buƙatar soso ba, kuma rashin adalci ne a sa wanda kayansa ba su kai goma ba ya kashe kuɗin da zai sayi sifana da shi. Mai garejin da ke zaune wuri ɗaya, da yara masu koyon aiki suna ɗauka suna ajiyewa, allon katako da aka kafa wa ƙusoshi aka zana siffar kowane ƙarfe da fenti zai yi masa aikin ƙirga, ya kuma fi sauƙin gyarawa idan kaya sun ƙaru, alhali soson da aka yanka ba ya karɓar baƙo sai an bar masa fili tun farko. Mai yawo da kaya kaɗan kuwa yana da abin koyi a zabirar wanzamai, wadda dukawa suka daɗe suna ɗinkawa da aljihuna daban-daban don aska da ƙaho da sauran kayan sana'a, kuma tela zai iya ɗinka irinta da tamfol mai aljihu ɗaya ga kowace sifana, a naɗe a ɗaure a bayan babur. Soso ya fi cancanta inda kayan suka yi yawa, ko suka yi tsada, ko suke da saurin lalacewa, kamar jerin bokis mai ƙananan kawuna da yawa, da ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, da mitocin masu haɗa injunan ban-ruwa na sola waɗanda manoma suka fara komawa gare su bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023.