Hayaƙin Murhu: Abin Da Ido Ba Ya Gani, Huhu Ke Ɗauka

Duk wadda ta san garin Goronyo a lokacin hunturu ta san yadda hazo ke rufe madatsar ruwan nan ta kogin Rima, har rana ta koma kamar faifai. A irin wannan lokaci ne ajina na Islamiyya ke cika da tari. Da na riƙa tambayar yaran sai na gane mafi yawan masu tarin su ne 'yan matan da ke taya iyayensu hura wuta da asuba, ko masu goyon ƙanne a gefen murhu. Wannan ya sa na ga ya dace mu tattauna a kan iskar da muke shaƙa a cikin gidajenmu.

Uwargida, ɗaga kai ki dubi rufin madafinki. Wannan baƙar kunkunniyar da ta manne a jikin azara, hayaƙin da ya haifar da ita shi ne yake shiga ƙirjinki kullum. Masana sun raba ƙwayoyin hayaƙi da ƙura gwargwadon girmansu. Manya hanci kan tare su, a fyace su. Akwai ƙanana da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashi ɗaya ya fi su kauri kusan sau 30, su kan wuce har ƙuryar huhu. Sai kuma ƙananan ƙanana, masu suna nano, da silin gashi ya fi su kauri kamar sau 700. Waɗannan suna iya ratsa huhu su shiga jini. Ƙurar hazo, wadda iska ke kwaso da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta fi su girma. Ƙwayoyin nano kuwa daga ƙonewa suke fitowa: itace, kara, buntun shinkafa, kashin shanu, leda da hayaƙin janareta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Yana jawo limoniya ga yara, ga manya kuma ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da tarin da ba ya jin magani. Mai ciki ma yana iya sa ta haifi jariri marar nauyi.

To ina doka? A shekarar 2021 hukumar ta rage iyakar PM2.5 da ta amince a shaƙa, daga ma'auni 10 zuwa 5, saboda an gano ko kaɗan ɗin ma yana cutarwa. Ƙwayoyin nano kuwa ba ta yanka masu iyaka ba, ta dai ba ƙasashe shawarar su fara auna su. A Nijeriya an kafa hukumar NESREA a 2007, an yi dokar hana ƙona daji da shara barkatai a 2011, da ta kula da ingancin iska a 2014, sannan a 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta. Duk wannan madalla. Sai dai babu ma'aikacin da zai yi sallama ya shigo cikin gida ya auna madafinki. Matar da ke turara shinkafa a Wurno, ko mai suyar ƙosai a Rabah, takan wuni cikin hayaƙin da ya ninka waccan iyaka sau da yawa, kuma ba wanda ya rubuta sunanta. Ashe a cikin gida ke ce hukuma.

Na san gas ya yi tsada, kuma ba kowane maigida ke da halin sayensa ba. Amma akwai abin da ba ya buƙatar ko sisi. Ki daina hura wuta da leda ko tsohon silifa, hayaƙinsu guba ne. Ki shanya itace ya bushe sosai, domin ɗanye ya fi hayaƙi. In da hali ki yi girki a tsakar gida ko rumfa mai iska, in kuwa ɗaki ne a buɗe masa taga ta sama. Ki sauke goyo kafin ki durƙusa gaban murhu. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, wutar za ta ragu. Murhun laka mai riƙe zafi ya fi duwatsu uku tattalin itace.

Sai batun jego. Iyayenmu kan rufe ɗakin mai jego a kai mata garwashi don gudun sanyi, ga turaren wuta, ga igiyar leƙo da dare. Niyyarsu alheri ce, amma huhun jariri ɗan kwana bakwai ba zai iya da wannan ba. A dafa ruwan wanka a waje, a yi turare jariri na wani ɗakin, a sa gidan sauro. Janareta kuma a nisanta shi da tagar ɗakin kwana, don hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci.

Idan kika ga yaro na numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na loɓawa in ya ja iska, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a garzaya asibiti a ranar. Ki kuma zauna da maigida cikin ladabi ki nuna masa wannan shafi, domin kuɗin buɗe taga bai kai kuɗin gadon asibiti ba. 'Ya'ya amana ce a hannunmu, mu da su.

Allah Ya ba mu lafiya da zuriya mai albarka, amin.