Yaro Mai Galahanga: Amfanin Makarantar Reno da Wasa Cikin Sa'o'insa

Wata tambaya da iyaye mata suke yawan yi mana a asibiti ita ce: "Likita, in kai shi makaranta ko in bar shi a gida?" Galibi yaron ya kai shekara 3 ko 4 bai fara magana sosai ba. Wata ma ta taɓa kai shi makarantar reno, aka ce ta zo ta ɗauki abinta don ba ya zama wuri ɗaya. Daga nan sai a ajiye shi a ɗaki da waya a hannu, saboda gudun bakin mutane. Wannan ɓoyon yana cinye wa yaro shekarun da ƙwaƙwalwarsa ta fi saurin ɗaukar abu.

Mece ce galahanga?

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma. Tana taɓa magana, da mu'amala da mutane, da yadda yake jin ƙara, haske ko taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta a yara maza. Alamominta sukan bayyana kafin shekara 3: a kira sunansa bai waiga ba alhali yana ji, ba ya haɗa ido, ba ya nuna abu da yatsa, yana maimaita motsi iri ɗaya kamar kaɗa hannu ko jujjuyawa, kuma ransa na ɓaci ƙwarai idan an sauya masa abin da ya saba.

Gado yana da babban hannu a ciki. Ba a ɗaukar ta daga wani yaro, ba sakacin uwa ke jawo ta ba, kuma allurar rigakafi ba ta haddasa ta. Binciken da ya yaɗa wannan zargin a 1998, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Me zai samu a makarantar reno?

Abin da ya fi yi wa mai galahanga wuya shi ne hulɗa da mutane, ita kuwa hulɗa sai cikin mutane ake koyonta. A aji yana ganin yadda ake jiran layi, yadda ake roƙon abu, yadda ake gaisuwa, kuma abin yana maimaituwa kullum. Yara da dama sun fi kwaikwayon sa'ansu a kan babba. Sauran yaran ma suna ƙaruwa, domin wanda ya tashi da aboki mai lalura da wuya ya girma yana yi wa irinsa dariya. Uwa kuma takan samu sa'o'in hutu ko na sana'a.

Sai dai ajiye yaro a aji kawai ba ya wadatarwa. Kafin a sa shi, iyaye su zauna da malama a daidaita waɗannan:

1. Tsari ɗaya kullum. A liƙa hotunan ayyukan yini a bango: karatu, abinci, wasa, tashi. Idan za a sauya aiki a sanar da shi tun da saura minti biyar.
2. Gajeren umarni. "Zauna" ko "ɗauko jaka", a haɗa da nuni, sannan a ɗan jira shi ya amsa.
3. Wurin hucewa. Wani lungu marar hayaniya, nesa da janareta da ƙararrawa, inda zai je idan abu ya yi masa yawa.
4. Babu duka. Ihu da birgimar da yake yi sau da yawa alama ce ta cewa wani abu ya fi ƙarfinsa kuma ya kasa faɗa. Bulala ƙara masa tsoro take yi.
5. Ƙofa a rufe. Wasu sukan fice ba tare da sanin haɗari ba, kuma ruwa yana jan hankalinsu. A rufe rijiya da tankin ruwa.

A fara da awa ɗaya ko biyu a rana, a riƙa ƙarawa. Yaron da lalurarsa ta yi tsanani zai iya buƙatar mai taimaka masa shi kaɗai, ko makaranta ta musamman na wani lokaci.

Motsa jiki tare da abokai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu minti 180 na motsa jiki a rana, minti 60 daga ciki na guje-guje da tsalle-tsalle. Daga shekara 5 zuwa 17, aƙalla minti 60 kullum. Masu galahanga sukan gaza samun haka saboda ba a sa su a wasa, shi ya sa ƙiba ta fi saurin kama su. Motsa jiki yana gyara barci, yana rage ƙunci da yawan zirga-zirga, yana ƙarfafa gaɓɓai da daidaita tafiya.

Idan da aboki ake yi, ribar biyu ce. Jefa ƙwallo tsakanin yara biyu yana koya masa kallon mutum, da jira, da sanin "yanzu ni ne, yanzu kai ne", wanda shi ne tushen hira. Kuma ba sai yana magana ba kafin ya shiga. A fara da aboki ɗaya mai haƙuri, minti goma, a tsakar gida da la'asar. Tsere, tsallen igiya, 'yar gala-gala da tuƙa keke sun fi sauƙi, don ƙa'idojinsu kaɗan ne. Ƙwallon ƙafa na taro mai ihu da ture-ture a bar shi sai ya saba. Idan ya toshe kunne ko ya janye jiki, a tsaya a huta, gobe ma rana ce.

Yaushe za a ga likita?

Idan yaro ya kai wata 16 bai furta kalma ko ɗaya ba, ko shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ya daina faɗin abin da yake faɗa a da, a kai shi wurin likitan yara. Za a fara da gwajin ji. Asibitocin koyarwa irin su Asibitin Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, suna duba irin waɗannan yara. A gaya wa likita idan yaron yana farfaɗiya, domin takan haɗu da galahanga kuma tana da magani.

Babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da galahanga, don haka a yi hattara da masu tallar hakan. Abin da ke taimako shi ne horon magana da na ɗabi'a da aka fara da wuri. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi ba tare da ware su ba. Saboda haka uwar da ta nema wa ɗanta gurbi a aji haƙƙinsa take nema, kuma tana iya faɗa wa hukumar makaranta hakan.