RAHOTON YARAN KANO: WA YA ƁOYE SHI SHEKARA BIYAR?

Iyaye mata, wannan magana taku ce. A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, dubban rayuka suka salwanta. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka Kano da sabon maganinsa, Trovan. Yara 200 aka yi gwaji da su, wajen rabinsu aka ba Trovan ɗin. 11 suka riga mu gidan gaskiya, wasu suka kurmance, wasu suka nakasa. Shi kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar.

Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike, ya gama aikinsa a 2001, ya ce gwajin ya saɓa doka. To, ina rahoton? Shiru kake ji! Sai a 2006 jaridar Washington Post ta bankaɗo shi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Jama'a, rahoton da aka binne ba ya share hawayen uwa. Duk kwamitin da aka kafa, mu tsaya sai an karanta mana sakamakonsa. Allah Ya jiƙan yaran nan, amin.